Ranar da Baba Ya Karɓi Ƙwallo

St. Odile, Minnesota
7 ga Agusta, 1978

Ƙanena Leander,

Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya, kuma tarin nan da ka tafi da shi ya sake ka. Mu nan lafiya lau. Virgil ya gama yankan ciyawar shanu karo na biyu, gwiwarsa dai tana nan yadda ka san ta. Masara ta yi kyau, in dai ƙanƙara ba ta sauko mana ba. Ban sani ba ko a Duluth takardar nan za ta same ka ko sai jirgin ruwanku ya sauke tama a Toledo.

Jiya aka yi wasan besbol na farko a nan filinmu. Ka san tsarin bana: wasa uku tsakanin Holzbach da St. Odile, Lahadi-Lahadi, garin da ya ci biyu shi zai je gasar jiha. Na san abin da za ka ce, wai tun da na auri mutumin St. Odile na zama tasu. Ajiye wannan tukuna ka karanta.

Holzbach na gaba, bakwai da uku, har zagaye na takwas. Duane ne ke yi wa Holzbach jifa tun farkon wasa, ga rana, rigarsa kamar an tsamo ta daga tafki. Ya yi ta jifa a karkace har ya ba mutum biyu tasha kyauta, na uku ya buga masa wadda ta kusa cire masa hula. Duk wanda ke filin ya ga hannunsa ya mutu. Kenny Thull yana cikin shingen 'yan canji yana ɗumama hannu tun zagaye na bakwai, har ya gaji ya tsaya riƙe da ƙugu. Baba ya taso daga benci, ya taka zuwa tudun jifa. Ya daɗe a tsaye yana kallon shinge, har sai da alƙalin wasa ya je ya yi masa magana. Daga nan ya juyo ya koma ya zauna, ya bar Duane da ƙwallo. Ci shida suka zuba masa. Tara da bakwai aka tashi.

Leander, Baba ya shekara saba'in da huɗu, kuma tun ba ka fara aske gemu ba yake manajan Holzbach. Abin jiya ba shi ne na farko ba. A watan jiya na tarar da tukunyar kofi ta ƙone ƙurmus a kan wuta, shi yana fili yana zuba farin layi a ranar da babu wasa. Kai ya kira a zagaye na takwas, kai kuwa kana tsakiyar tafki.

Abin da nake so shi ne in je wurin Sylvester da sauran 'yan kwamitin ƙungiyar Holzbach, a bar Gordy mai cafe ƙwallo ya ja ragamar wasannin da suka rage. Baba ya sa kayansa ya zauna a benci kamar kullum, ba wanda zai ce masa komai. Ba na son in yi ni kaɗai. Ka ba ni amsa da wuri.

Yayarka,
Bernadine

Cikin jirgi, tashar Duluth
11 ga Agusta

Bernadine,

Na samu takardarki yau da muka tsaya lodi. Lafiyata ƙalau, tari ya tafi. Ki gaida Virgil da gwiwarsa. Na tabbata ranar Lahadi ba ta dame shi ba, yana tsaye a tasha ta uku yana juya hannu kamar fanka, mutanensa suna shigewa gida ɗaya bayan ɗaya.

Yanzu bari in koya miki abin da ba a koyarwa a St. Odile. Kin ce Kenny yana shinge ya ɗumama. To, su wa ke kan layin bugu? Guntun jaridar da kika saka mini ya nuna: Elmer, da ƙanensa, da ɗan gidan mahaucin nan. Duka ukun bahagwai ne. Kenny da dama yake jifa, kuma daga gefe, bahago yana hango ƙwallonsa kamar kankana. Bara da ya haɗu da Elmer, a maƙabartar bayan katanga aka tsinto ƙwallon. Duane a gajiye ya fi Kenny a huce in dai bahago ne a gaba. Na yi wa Baba jifa shekara goma, na san yadda yake lissafi. Ya je tudu, ya duba idon Duane, ya duba shinge, ya auna, ya zaɓi wanda ya fi. Lissafin bai fita ba, shi ke nan. Ana yin haka har a manyan ƙungiyoyin da ake nunawa a talabijin, kuma ba wanda ke cewa a kai manaja asibiti.

Tukunyar kofi kuwa, mai dafa mana abinci a jirgi ya ƙona uku bana, bai kai arba'in ba.

Sai maganar wai ni ya kira ina tsakiyar tafki. Na gane. Kin daɗe kina neman inda za ki soka mini wannan. E, ba na gida. Aiki nake yi, kuma da aikin nan aka yi wa gidan Baba sabon rufi. Ke da ke kusa kin fi ni, na ji, a rubuta a allon coci.

Amma ki duba abin da kike nema. Wasa ɗaya ya rage muku ku tafi gasar jiha, kuma a daidai wannan makon matar mai ba 'yan St. Odile alama a tasha ta uku ta gano cewa manajan Holzbach ya tsufa. Ba ki gano a watan Yuni ba lokacin da ya ci wasa takwas a jere. Wa ya ba ki shawarar, Virgil ko surukarki?

Ban yarda ba. Kada ki je wurin Sylvester.

Leander

St. Odile
14 ga Agusta

Leander,

Ina fatan kana lafiya. Takardarka ta iso da safen nan, na karanta a tsaye a bakin akwatin wasiƙu, na ninke ta na sa a aljihu don kada Virgil ya gani. Ba ruwansa da wannan magana, ban ma gaya masa ba. Surukata kuwa tun Ista ba ta ji sai an yi mata ihu a kunne.

Za ka ji daɗi: kun ci jiya, biyar da huɗu, a filin Holzbach. Yanzu ɗaya da ɗaya. Amma ka ji yadda aka ci.

Duane ya fara, kuma ban taɓa ganinsa haka ba. Mutum shida na farko ba wanda ya ko taɓa ƙwallon da kyau. Ana shiga zagaye na uku, bai ko yi jifa ɗaya ba, sai ga Baba a kan tudu. Ya karɓi ƙwallo, ya girgiza wa Duane hannu, ya ɗaga hannun dama a kirawo Kenny. Kenny yana zaune yana cin masara dafaffiya. Sai da ya goge man shanu a wando kafin ya nemi safar hannunsa. Filin ya yi tsit, har mutanenmu ba su yi dariya ba don sun zaci wata dabara ce. Kenny ya yi zagaye huɗu da ƙyar, ɗayan mai jifan, Arnie, ya ƙarasa, Allah ya taimake ku Elmer ya buga ta ƙarshe kai tsaye cikin hannun mai tsaron tasha ta ɗaya.

Da yamma a mashayar Sylvester kowa cewa yake tsohon nan gwani ne, wai ya rikita mana lissafi, mun shirya wa Duane ya kawo mana wani. Har ɗaga shi suka so yi.

Matar Duane ta ja ni gefe a wurin ajiye motoci. Ta ce abin da Baba ya gaya wa mijinta a kan tudu shi ne, "Ka yi ƙoƙari, yaro. Saura mutum uku mu tafi gida, bari Kenny ya rufe." A zagaye na uku, Leander. Shi a ransa na tara ake.

Ni na mayar da shi gida. Muna wuce gadar rafi ya tambaye ni me ya sa Mama ba ta kawo kek ɗin tuffa wa 'yan wasa ba yau. Na ce, "Baba, Mama ta rasu." Ya ce, "Na sani mana," ya juya yana kallon gonakin mutane har muka isa.

Ka ce kada in je wurin Sylvester. Na riga na je, bayan na ajiye Baba. Kwamiti zai zauna ranar Juma'a. In kana ganin don St. Odile nake yi, ka tuna cewa Gordy ya fi Baba haɗari a gare mu yanzu, ko yaron goye ya san haka.

Bernadine

Cikin jirgi, Toledo
17 ga Agusta

Bernadine,

Lafiya nake, ina fatan ku ma haka. Takardarki da katin Sylvester tare suka zo. Na Sylvester na fara karantawa, kuma na gode wa Allah, don da taki na fara da na zaci makoki aka yi a Holzbach, ba wasa aka ci ba.

Wato makon jiya laifinsa ya bar Duane ya daɗe, wannan makon laifinsa ya cire shi da wuri. In ya zauna ya ruɗe, in ya tashi ya ruɗe. Gaya mini zagayen da St. Odile suka yarda a canza mai jifa, in rubuta masa ya riƙa bi.

Ga abin da ya yi, tunda sai an fassara miki. Akwai wasa na uku, shi ne mai muhimmanci. Ya ga Duane yana kan ganiyarsa, ya ce a ajiye hannun nan, ya yi caca da Kenny da Arnie, kuma cacar ta ci. Matar Duane haushi take ji an hana mijinta fitowa a jarida. Kuma ko da ya faɗi abin da ta ce ya faɗa, ba ki san barkwancin Baba ba? Ni ya taɓa ce mini in je in tatsi shanu a tsakiyar wasa.

Maganar Mama kuma, ni ma wani lokacin sai na ɗauki biro zan rubuta mata kafin in tuna. A kai ni asibiti ni ma.

Na ce kada ki je, kin je. To ni ma na yi nawa. Da muka sauka na buga wa Sylvester telgiram, zai same shi kafin zaman Juma'a. Ga abin da na ce, don kada ki ce na yi a bayan idonki: IYALIN KETTERMANN BA SU YARDA A TAƁA ALOIS BA. MAI NEMAN A CIRE SHI KU DUBA A WANE GARI TAKE KWANA.

Mutumin nan shi ya share filin da hannunsa tun yana gonar dankali. Ba za a zaunar da shi a benci kamar buhun gari ba, yaron da ya koya wa riƙe sanda yana ba da umarni a kansa. Ba da sunana ba.

Leander

St. Odile
22 ga Agusta

Leander,

Ba zan tambayi lafiyarka ba, na ga alama kana da ita har ta yi maka yawa. Ruwa aka wuni ana yi ranar Lahadi, fili ya zama taɓo, an ɗaga wasan zuwa Lahadi mai zuwa a nan St. Odile.

Telgiram ɗinka ya iso. Sylvester bai kai shi zaman kwamiti kaɗai ba. Ya karanta shi a mashaya, ya kuma manna shi a jikin madubin bayan kanta, kusa da hoton ƙungiyarku. Kwamiti bai yi minti biyar ba ya tashi. Ranar Lahadi na je cocin Holzbach don in zauna da Baba kamar yadda na saba. Matan da muka yi makaranta tare suka matsa jakunkunansu suka cike bencin. Da na fito na tarar an rubuta mini 'YAR LEƘEN ASIRI da yatsa a taɓon jikin motata. A garin da aka yi mini baftisma.

Wani ya kai wa Baba labari. Jiya na je da miyar kaza da wankinsa, ya tare bakin ƙofa. Ya ce, "Ke ce matar Notsch?" Na ce, "Ni ce Bernie, Baba." Ya ce, "Na san ko ke wace ce. Ki koma ki gaya musu ba su isa ba." Ya rufe ƙofa. Na ajiye tukunyar a kan matakala. Yau na wuce, tana nan, kyanwa ta buɗe ta.

Yanzu ka saurara, don na ga ba ka iya karatu ba. Da na rubuta maka cewa kai ya kira a zagaye na takwas, ba habaici nake yi ba. Gordy yana kan tudun, shi ya gaya mini. Baba ya zo ya ce, "Bahagwai ne ke tafe, kirawo mini Leander." Gordy ya ce, "Alois, ai Leander yana jirgi." Baba ya ce, "Wane jirgi? Yanzu na gan shi yana ɗumama hannu." Shi ya sa ya tsaya yana kallon shinge. Kai yake jira ka fito. Da alƙali ya matsa masa, sai ya ce wa Duane, "To riƙe mini har ya zo."

Ka ga lissafinka daidai ne. Bahago yake so a kan bahagwai, kamar yadda ka faɗa. Sai dai bahagon nasa ya bar jifa tun kafin a haifi autata.

Za ka ce me ya hana Gordy faɗa wa kwamiti. Na tambaye shi. Ya ce, "Bernie, mun ci wasa. Wa zai saurare ni?" Ya kuma ce tunda ɗan gidan ya buga telgiram, shi wane ne.

Na samu likita a St. Cloud zai duba shi, amma ba ni da yadda zan sa shi a mota yanzu. Ka buga wa Sylvester wani telgiram ɗin. Akwai sauran lokaci kafin Lahadi. Ban ce ka ba ni haƙuri ba, ba na buƙata.

Bernadine

Cikin jirgi
28 ga Agusta

Bernadine,

Ina lafiya. An canza mana hanya, mun kai alkama can gabas, jakar wasiƙunmu kuma tana jiranmu a wata tashar. Ban ga rubutun kowa ba tun Toledo. Wani a jirgi ya ce an yi ruwa a Minnesota makon jiya, ke nan jiya aka yi wasan.

Na buga wa mashayar Sylvester waya daga tasha. Yana jin muryata ya ce layin ba kyau, ya ajiye. Layin lafiyarsa lau.

In kun ci, rubuto ki yi mini dariyarki, zan iya ɗauka. In mu muka ci, na san dalilin shirunki. Wa ya rufe wasan, Kenny ko Arnie?

Leander

St. Odile
30 ga Agusta

Leander,

Muna raye. Baba yana gida, bai ji ciwo ba. Matar Duane ke kai masa abinci. Na jira telgiram ɗinka har safiyar Lahadi.

Ban taɓa ganin mutane a filinmu kamar ranar ba. Har kan rufin motocin ɗaukar kaya aka zauna, tsiran da aka gasa ya ƙare tun zagaye na biyar. Na rasa ɓangaren da zan zauna, sai na tsaya a bayan raga.

Duane ya yi zagaye bakwai masu kyau. Gordy ne ke raɗa wa Baba abin da za a yi, Baba yana gyaɗa kai, har na fara cewa ko za mu wuce lafiya. Kenny ya karɓa a na takwas. Aka shiga ƙarshen na tara kuna gaba, huɗu da uku. Kenny ya fitar da mutum biyu, saura ɗaya ku tafi gasar jiha. Sai ya ba ɗaya tasha kyauta, na biyu ya buga tsakanin ƙafafunsa, na uku ya same shi da ƙwallo a kafaɗa. Tashoshi uku duk da mutum. Elmer ya fito da sandarsa.

Baba ya tashi. Gordy ya riga shi isa tudun. Arnie ya buɗe ƙofar shinge ya fara tahowa da gudu-gudu, Baba ya ɗaga masa hannu ya koma. Ya karɓi ƙwallon daga hannun Kenny, ya karɓi safar hannunsa ma. Ya cire rigar sanyinsa ya miƙa masa. Sannan ya fara gyara ƙasar tudun da ƙafa.

Alƙali ya zo, ya zaro takardar sunaye. Ka san Baba kullum yana rubuta sunansa a ƙarshe, tun zamanin da. Sunan yana nan. Alƙalin ya dubi bencin Holzbach, ba wanda ya motsa. Sylvester yana zaune a layin gaba da kwalba a hannu, ya sunkuyar da kai. Na yi ta kiran Gordy ta cikin raga. Ya waiwayo ya dube ni, ya saukar da abin rufe fuskarsa, ya tsuguna.

Wasu daga ɓangarenmu suka fara dariya. Wani ya ce, "A kawo masa kujera." Baba bai ji ba. Ya leƙa alamar Gordy, ya girgiza kai, bai yarda da ita ba, sai da aka ba shi wata. Ya ɗaga ƙafa sama irin yadda yake a hoton nan na falo, ya jefa. Ƙwallon ta faɗi a rabin hanya, ta yi gefe, ta gangara har gindin ragar da nake tsaye. Shi kuma ya faɗi a kan gwiwa ɗaya.

Gordy bai bi ƙwallon ba, wurin Baba ya nufa. Na tasha ta uku ya shigo gida, huɗu da huɗu. Na tasha ta biyu ya zo ta uku ya rage gudu, ya dubi Virgil. Virgil ya juya masa hannu. Biyar da huɗu.

Ƙwallon tana gabana, tsakanina da ita waya ce kawai. Sai na ji wata mata tana zagin St. Odile, tana kiransu karnuka, tana kiran Virgil Notsch da sunan da ba zan rubuta ba. Sai da maƙogwarona ya fara zafi na gane ni ce. Rabin garin mijina sun ji, har da Fada na cocinmu.

Na zagaya na shiga fili. Ana ta tsalle a gefe ɗaya, shi yana kan tudu ya miƙa safar hannu yana jira a mayar masa da ƙwallo. Na kama hannunsa na ce, "Baba, an tashi." Ya fizge ya ce, "Fitar mini da matar nan daga fili, ana wasa." Duane ne ya lallaɓa shi ya kai shi mota.

A gida Virgil ya ce, "Ƙwallo tana raye, Bernie. Me kike so in yi, in tsayar da shi?" Na ce e. Ya ce, "Da mahaifinki ne a wurina, da shi ma ya juya hannu." Gaskiya ya faɗa, kuma tun ranar a ɗakin ɗinki nake kwana. Za su tafi gasar jiha ranar Asabar, ban shirya masa jaka ba.

Katinka ya zo yau. Ka tambayi wa ya rufe wasan. Ka ji.

Bernadine

Holzbach
19 ga Satumba

Bernie,

Ina fatan kina lafiya. Daga teburin kicin ɗin Baba nake rubutu. Na san abin dariya ne a sa wa takarda kan sarki zuwa garin da ake hango hasumiyar cocinsa daga nan, amma na buga waya sau da yawa, Virgil ne ke ɗauka, ya ce kina lambu. Ko ana ruwa kina lambu.

Takardunki biyu a ɗaure tare aka miƙo mini su, na fara buɗe ta ƙarshen. Da na samu ta farkon a kan lokaci, ban san abin da zan yi ba. Ina so in ce da na buga telgiram ɗin. Ban sani ba. Na sauka a Duluth, na gaya wa kyaftin ya nemi wani.

Har yanzu ina ganin alƙalin nan bai kamata ya bari ba, suna a takarda ko babu. Gordy kuma aikinsa ya bi ƙwallo, da ya bi da wasan bai ƙare a nan ba. Na gaya masa haka a gaban kantin kayan gona, ya ce mini, "Kai ka buga telgiram." Na je mashaya na ce Sylvester ya ciro takardar daga madubi. Ya ce ai tun ranar Lahadin ya cire. Ban sha komai ba na fito.

Na kai Baba wurin likitanki. Ya tambaye shi wace shekara muke, Baba ya ce shi ba ya amsa tambayar 'yan jarida. Likitan ya ce kada a bar shi shi kaɗai, kada ya tuƙa mota. Na ɓoye makullin. Jiya ya wuni yana nema, ya ce ni na sace, ya kira ni da sunan ƙanensa.

Ba ya cin abin da na dafa. Yana cire takalmi da rana ya zauna yana kallon ƙafafunsa, farcen ya yi tsawo har yana huda safa. Na ɗauko almakashi, ya naɗe ƙafafun a ƙarƙashin kujera. Ya ce, "Ba kai ba. Akwai matar da ke zuwa." Na ce wace mata? Ya ce, "Mai sanyin hannun nan. Ta daina zuwa, ban san me aka yi mata ba." Duk motar da ta rage gudu a titi sai ya tashi ya leƙa.

Ban san kina yi masa wannan ba. Ban san abubuwa da yawa ba. Ki zo ranar Lahadi. In ba ki son ganina, zan fita in zauna a mota.

Leander

St. Odile
21 ga Satumba

Leander,

Lafiya muke. Virgil ya dawo, wasa ɗaya suka yi aka koro su. Muna magana yanzu, a kan shanu.

Ba zan zo ranar Lahadi ba. Shekara uku ina yi ni kaɗai, kana aiko mini da darasin bahagwai. Ka yi wata ɗaya. Ka bari ya kira ka ɓarawo, ka wanke zanin gadonsa, ka shiga coci ka ga yadda ake kallonka. In an gama cire masara zan zo, kuma ba za ka zauna a mota ba. Za ka tsaya a bakin ƙofar cocin Holzbach bayan sujada, a gaban matan nan, ka faɗi abin da ka rubuto mini da bakinka.

Ba ya cin nama sai an yanka ƙanana. Ƙwayar safe a daka ta a cikin miyar tuffa, kada ya gani. In ya fara neman makulli, ka ce masa motar tana gareji, gobe za a kawo, zai haƙura.

Ba da almakashin kicin ake yi ba. Akwai abin yankan farce a aljihun tebur na ɗakin Mama, cikin gwangwanin maɓallai. Ka jira sai bayan abincin rana, ka kunna masa rediyo, ka zauna a ƙasa, kada ka tambaye shi, ka ɗauki ƙafar kawai. Ka fara jiƙa su cikin ruwan ɗumi, in ba haka ba farcen tsagewa yake, kuma ba zai gaya maka ya ji zafi ba.

Bernadine